Firiji a Cikin Kwale-kwale: A Yi Lissafi Kafin a Kwance Lalita

Garin Wudil, wanda ke da tazarar kamar kilomita 40 daga birnin Kano, ya yi suna da abubuwa uku, wato kogi, da karar shanu ta ranar Juma'a, da kuma kifi. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗewa ne kafin su iso garin, sa'an nan ruwan ya ratsa ƙarƙashin gada ya nufi Haɗeja. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka kuma ƙara da ta Chalawa a 1992, sai su ya zama sana'ar da ake yi rani da damina a wannan yanki. Mutanen Indabo da Darki da Utai da Lajawa, da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Wudil, duk sun san ɗanɗanon karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, kuma gidaje da dama da kuɗin kifi suke cefane, da shi suke biya wa yara kuɗin makaranta.

Sai dai akwai wani abin mamaki da ya kamata ɗalibin kimiyya ya tsaya ya duba. Kifin da aka kamo a tekun Atlantika, aka yi makonni ana tafiya da shi a jirgin ruwa da babbar mota, yana isowa kasuwannin Kano daskare, bai lalace ba. Alhali kuwa karfasar da aka fitar daga ruwa da asuba a Wudil, idan ba a sayar da ita ba ko aka soya ta kafin dare, to ta zama asara. Bambancin da ke tsakanin kifayen nan biyu shi ne sanyi. Na farko ya shiga sanyi tun yana cikin jirgin da ya kamo shi, na biyu kuwa ya wuni a ƙasan kwale-kwale, rana tana dukansa.

Wannan ne ya sa, da ƙananan firiji masu aiki da batir suka fara yawaita a kasuwa, wasu suka fara cewa ai maganin ya samu, a sa wa kowane masunci ɗaya a jirginsa. Tunanin yana da tushe, domin lalle a kan ruwa ya kamata sanyi ya fara. Amma ilimin halittu da ɗan lissafi kaɗan sun nuna cewa firijin batir shi ne abu na ƙarshe da ya kamata masunci ya saya, bayan ya tanadi ƙanƙara, bayan kuma ya san abin da batirinsa zai iya ɗauka. Wanda ya tsallake waɗannan matakai biyu, akwati mai tsada kawai ya saya.

Me ke ruɓar da kifi?

Tsokar kifi mai rai da lafiya ba ta ɗauke da ƙwayoyin bakteriya. Ƙwayoyin suna zaune ne a wurare uku: cikin yauƙin da ke jikin fata, da cikin hanji, da kuma jajayen sassan nan na gefen kai da kifi ke shaƙar iskar ruwa da su, waɗanda ake kira kunnen kifi. Muddin yana raye, garkuwar jikinsa tana tsare su a waje. Da zarar ya mutu sai tsaron ya rushe, ƙwayoyin su fara kutsawa cikin tsoka. Ban da su kuma, akwai sinadaran narkar da abinci, wato inzayim, waɗanda ba su daina aiki don kifi ya mutu. Da suka rasa abincin da za su narkar sai su koma kan cikin kifin kansa, shi ya sa akan ga cikin ƙaramin kifi ya fashe tun kafin wari ya tashi.

Zafi shi ne abin da ke ƙara wa wannan aiki sauri. Ƙwayar bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar rabewa gida biyu. A ce tana rabewa sau ɗaya a kowane rabin awa, abin da nau'o'i da yawa ke iya yi a ɗumin digiri 30 zuwa 37. Ƙwaya ɗaya za ta zama 4,096 cikin awa shida, ta haura miliyan ɗaya cikin awa goma. To, a watan Afrilu zafin rana a ƙasar Kano yakan kai digiri 40. Don haka ne kifin da ba a sanyaya ba bai cika kai kwana ɗaya yana da kyau ba.

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin nan, jinkirta su kawai yake yi. Kifin da ke digiri 10 yana lalacewa ninki uku zuwa huɗu na saurin wanda ke kwance cikin ƙanƙara mai narkewa, wato digiri 0. A nan masuntan ƙasashe masu zafi suna da wata sa'a. Ƙwayoyin da ke jikin kifin ruwan ɗumi sun saba da ɗumi, saboda haka sanyi yana gigita su ƙwarai, har karfasar da aka sa a ƙanƙara tun da farko takan yi mako biyu ko fiye tana ciyuwa. Amma sharaɗin shi ne tun da farko. Kifin da ya riga ya yi awa shida a rana ya cinye wani kaso mai yawa na kwanakinsa, kuma babu firijin da zai maido masa da su.

Yana da kyau a tuna cewa tarwaɗa ba ta shiga wannan lissafi. Allah Ya hore mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan daɗe da rai cikin baho da ɗan ruwa kaɗan a inuwa. Cusa ta a firiji ɓarnar wuri ne da ya kamata a bar wa karfasa da ragon ruwa da giwan ruwa.

Firiji iri uku, ɗaya ne na jirgi

Ɗora na'urar sanyi a kan ruwa tsohon abu ne. A shekarar 1882 wani jirgi mai suna Dunedin ya ɗauki naman tumaki kusan 5,000 daga ƙasar Niyu Zilan, ya yi fiye da wata uku a teku, ya isa Landan da naman a daskare. Injin tururi ne ya yi wannan aiki, da gawayin kwal mai yawa. Abin da ya canza a yau shi ne na'urar ta ƙanƙance har mutum ɗaya yana iya ɗaukarta, kuma batir mai bolt 12 ya isa ya juya ta. Sai dai ba duk akwatin da ake kira firiji ne ya dace da kwale-kwale ba.

Na farko shi ne mai aiki da wani ɗan faranti da lantarki ke sanyaya gefensa ɗaya ya zafafa ɗayan, bisa abin da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834. Shi ne mafi araha, kuma shi ya fi ruɗar masu saye. Iyakacin ƙarfinsa shi ne ya rage kamar digiri 15 zuwa 20 daga zafin waje. Idan waje yana digiri 40, cikinsa ba zai sauko ƙasa da digiri 20 ba, kuma a wannan ɗumi ƙwayoyin bakteriya suna cin karensu ba babbaka. Bugu da ƙari yana jan wuta ba hutawa. Ya isa sanyaya ruwan sha a mota, amma a kan kifi, araha ba ta ado.

Na biyu shi ne irin firijin kananzir ko na gas, wanda asibitocin karkara suka daɗe suna ajiye allurar rigakafi a cikinsa. Shi yana aiki ne da zagayawar ruwan amoniya cikin bututu, kuma zagayawar tana bukatar ya tsaya daidai, ba karkata. Jirgin da ke tangaɗi, ga kuma harshen wuta kusa da jarkar fetur, ba wurinsa ba ne.

Na uku shi ne mai kwamfireso, irin na gida amma an ƙera shi don batir. Kwamfireso yana matse wata iska ta musamman har ta yi zafi, ta zubar da zafin a waje ta cikin wasu bututu, ta koma ruwa, sa'an nan ta shiga bututun cikin akwatin ta sake zama iska, tana zuƙe zafin abin da ke ciki. Wato firiji ba ya ƙirƙirar sanyi, kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje. Waɗanda aka ƙera don mota da jirgi suna jure karkata har kusan digiri 30 na kusurwa. Wannan shi ne kaɗai ya cancanci a yi maganarsa.

Lissafi na farko: ƙanƙara ta fi shi sauri

A ɗauki misalin masunci da ya kama karfasa kilo 20, kifin yana digiri 30, ana so a saukar da shi zuwa digiri 2. Kowane kilo na kifi yana bukatar a cire masa zafi kamar kilojul 3.6 kafin ya sauko digiri ɗaya. Idan aka ninka 20 da 3.6 da 28, za a sami kilojul 2,000 da 'yan kai. Ƙaramin firiji mai cin wat 45, a cikin zafin bazara, yana iya kwashe zafi kamar kilojul 250 a awa ɗaya. Ke nan sai ya yi awa takwas yana aiki ba tsayawa kafin kifin ya yi sanyin da ake so, kuma wanda ke tsakiyar tarin shi ne zai kasance na ƙarshe. Cikin waɗannan awoyi ƙwayoyin bakteriya ba barci suke yi ba.

Ƙanƙara kuwa, kowane kilo ɗaya nata yana shanye kilojul 334 kafin ya narke. Kilo shida ke nan ya isa wannan aiki. Idan aka farfasa ta ƙanana aka jera ta hawa-hawa, ƙanƙara a ƙasa, kifi a kai, ƙanƙara kuma a sama, ruwan da ke narkewa yana bin jikin kowane kifi yana kwashe zafinsa, cikin awa ɗaya ko biyu ƙananan kifaye sun yi sanyi. Ga shi kuma ba ta daskarar da tsoka, ba ta bari fata ta bushe, tana kuma wanke yauƙi.

Abin da wannan lissafi ke nunawa shi ne rabon aiki. Ƙanƙara ce ke saukar da zafi da gaggawa, firiji kuwa aikinsa ya hana ƙanƙarar narkewa kafin a bukace ta, ya kuma riƙe sanyin kifin bayan ta gama nata aikin. Masuncin da ke fita da asuba ya dawo kafin azahar ba ya bukatar firiji ko kaɗan. Kula mai kaurin bango da 'yan ƙullin ƙanƙara sun wadatar da shi. Firiji yana biyan kuɗinsa ne a jirgi mai inji da ke zagayawa yana tattara kifi daga ƙananan jirage, ko wanda ke kwana a babban ruwa irin na Tiga, nesa da masu sayar da ƙanƙara. Ita kuma ƙanƙarar a tudu ya kamata a yi ta, da babbar firiza mai aiki da hasken rana a bakin mashigi, domin daskarar da ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin firijin jirgi. Dole kuma a yi ta da ruwa mai tsabta, tun da za ta narke ne a jikin abinci.

Lissafi na biyu: batir

Rayuwar firijin jirgi tana hannun batir, kuma a nan ne kuɗin yawancin masu saye ke nutsewa. Firiji mai wat 45 yana jan kusan amfiya 4 daga batir mai bolt 12. Ba ya aiki a kowane lokaci. Idan ciki ya yi sanyi sai kwamfireso ya huta. A ce da bazara yana aiki awa 14 cikin 24. Ke nan yana shan amfiya-awa 56 a rana. Mai saye zai dubi batirin da aka rubuta wa 100 ya ce ai ya isa kusan kwana biyu. To, ba haka ba ne. Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa. Idan ana yawan ƙarar da shi, ko aka bar shi kwanaki ba caji, sai wani farin gishiri mai tauri ya manne a farantan cikinsa, ƙarfinsa ya ragu har abada. Saboda haka batir mai 100, hamsin ne kawai na mai shi, kuma hamsin ba ta kai hamsin da shida ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗauko batirin mota. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi ya tayar da inji, sa'an nan injin ya maido masa da cajinsa nan take. Farantansa sirara ne, idan aka sa shi aikin firiji cikin 'yan watanni zai mutu. Wanda ya dace shi ne irin na sola mai farantai masu kauri, wanda aka yi don a ja shi a hankali na tsawon lokaci. Akwai kuma batirin litiyam, musamman nau'in da ake haɗa shi da ƙarfe da fosfet, wanda ake iya amfani da kashi 80 cikin ɗari na cajinsa ko fiye, nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, kuma yana jure caji sau dubbai. Tsadarsa ta fi a ranar saye, amma idan aka raba kuɗin da shekarun da zai yi sai a ga ba shi ne mai tsada ba.

Saura caji. Ƙasar Kano tana samun abin da ya kai awa biyar ko fiye na cikakkiyar rana a yawancin kwanakin shekara. Farantin sola mai wat 200 zai ba da wat-awa 1,000, idan aka cire kashi ɗaya cikin huɗu da ke salwanta a waya da zafi da na'urar daidaita caji, sai a sami 750, wato amfiya-awa kamar 62. Wannan ya rufe bukatar firijin da ɗan rara kaɗan. Farantin da bai kai haka ba zai bar batir cikin bashi kullum, yau ya rage kaɗan, gobe ya ƙara raguwa, har ya durƙushe. A lokacin hunturu kuma, ƙurar da ke kwanciya a kan farantin tana rage abin da yake samarwa, sai an riƙa goge shi kowace safiya. Idan farantin ya yi wa jirgi girma, sai a kafa shi a tudu a tanadi batura biyu, ɗaya yana ruwa ɗaya yana caji.

Don tuwon gobe ake wanke tukunya

Kula da wannan na'ura ba ya bukatar digiri, amma yana bukatar a mai da shi al'ada. Abu na farko shi ne mazauni. Firiji da batirin dalma da ƙanƙara da kifi za su iya haura kilo 80, nauyin babban mutum ke nan. A ajiye su a tsakiyar jirgi, ƙasa-ƙasa, a ɗaure su tamau, a ɗora su kan katako don kada ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi ya taɓa su, kuma a rage fasinja ɗaya saboda su. Jama'ar Kano ba za su manta da hatsarin madatsar Watari da ke Ɓagwai ba, a watan Nuwamba na 2021, inda jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima ya kife da mutane da dama, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

Na biyu shi ne inuwa da iska. Tun da firiji zafi yake zubarwa ta ramukan gefensa, toshe su da taru ko buhu daidai yake da shaƙe shi. A yi masa rumfa, a bar tazarar tafin hannu a kewayen ramukan, a riƙa share ƙura da ɓawon kifi daga cikinsu da burushi mai laushi. Batir ma yana son inuwa, domin ƙarin zafi na digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwar batirin dalma. Idan firijin ya kife ko aka ɗauko shi a kwance, a tsayar da shi a bar shi wasu awoyi kafin a kunna, don man kwamfireso ya koma mazauninsa.

Na uku shi ne waya. A wutar bolt 12 siririyar waya mai tsawo tana cinye ƙarfin lantarki a hanya, har firiji ya ɗauka batir ya ƙare ya kashe kansa. A yi amfani da waya mai kauri, gajeriya, a kuma sa fis kusa da kan batir, domin idan wayoyi suka haɗu ba fis, batir yana iya narkar da su ya tayar da gobara a tsakiyar ruwa. Danshi yana sa kan batir ya yi kore ko fari. A wanke shi da ruwan kanwa, a kula kada ya shiga cikin batirin, a busar, a shafa giris. Batirin da ake zuba wa ruwa, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙara masa, ban da ruwan kogi ko na rijiya. Yayin caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka ba a yi masa caji a rufaffen ɗaki ko kusa da mai shan taba. Ƙaramin ma'aunin bolt shi ne abokin mai jirgi: batirin dalma da ya huta, idan ya nuna 12.6 ko sama ya cika, idan ya sauko 12.1 ya kai rabi, lokacin caji ya yi.

Na huɗu shi ne tsabta. A cire hanjin manyan kifaye a wanke su kafin a sa su a ciki, a riƙa zubar da ruwan da ya narke don kada kifi ya kwanta cikin jini. Kowace rana bayan an sauke kaya a wanke akwatin da sabulu da ruwa mai tsabta, a bar murfin a buɗe ya bushe. Ba a kankare ƙanƙarar da ta manne da wuƙa, domin huda bututu ɗaya ya isa ya kashe firijin, kuma iskar da ke cikin wasu na zamani tana kamawa da wuta. Robar bakin murfi kuwa ana gwada ta da takarda: a rufe murfin a kanta a ja, idan ta zare ba wuya to zafi yana shiga. A rage yawan buɗewa, kuma kada a taɓa haɗa kifi da magani ko allura a akwati ɗaya.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, tun da kaka da kakanni da banda da suya suke adana kifi. Gaskiya ne banda fasaha ce mai daraja, kuma an inganta ta, kamar murhun Chorkor da aka ƙirƙiro a Ghana a 1969, mai cin itace kaɗan. Ba wanda ya ce a bar ta. Amma banda ba ta gyara kifin da ya riga ya fara lalacewa, ɓoye warinsa kawai hayaƙi yake yi, don haka ita ma tana amfana da kifin da ya iso tudu da sanyinsa. Ban da haka, masuncin da kifinsa zai iya kwana uku lafiya ba dole ne ya sallama shi da la'asar a kan duk abin da dillali ya taya ba. Sanyi yana ba shi ikon cewa albarka.

Wasu kuma suna kawo tukunya cikin tukunya, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabara ce mai kyau ga tumatir da yalo da alayyafo, amma sanyin da busar ruwa ke samarwa ba ya zuwa ko kusa da digirin da kifi ke bukata.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ba a musanta ta. Firiji da batir da farantin sola sun fi ƙarfin masunci ɗaya mai ƙaramin kwale-kwale. Wannan ne ma ya sa raba firiji ɗaya-ɗaya a matsayin tallafi zai zama ɓarna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya dace shi ne masunta goma ko goma sha biyar, ƙarƙashin ƙungiyarsu da sanin Sarkin Ruwa, su mallaki firiza ɗaya a tudu, da jirgin tattarawa ɗaya mai firiji, kowa kuma da kularsa. A naɗa mutum ɗaya da zai kula da kayan, a riƙa cire wani abu daga cinikin kowace rana ana tarawa don sayen sabon batir, domin batir mutuwa yake yi ko da an kula da shi, kuma ranar mutuwarsa ce ake gane ƙungiyar da ta shirya.

Aikin da ke gaban makarantu

Duk lissafin da aka kawo a sama bai wuce abin da ɗan aji biyar na sakandare ke koya a darasin fiziks da bayoloji ba. Malami a Indabo ko Darki yana iya mai da shi aikin gwaji da kayan da ba su da tsada: karfasa uku, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, ɗaya cikin kula da ƙanƙara, ɗalibai su riƙa auna zafinsu kowace awa, suna rubuta yadda ido ke dusashewa, da yadda kunne ke juyawa daga ja zuwa ruwan ƙasa, da lokacin da tsoka ta daina dawowa idan an danna ta da yatsa. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa zai iya zama da mahaifinsa ko kawunsa masunci ya lissafa masa girman batir da farantin da yake bukata kafin ya je kasuwa.

Wudil tana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Dangote a 2022, ga kuma Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ya kamata waɗannan su auna yawan kifin da ke salwanta tsakanin taru da kasuwa a wannan kogi, su gwada tsarin a mashigi ɗaya na tsawon shekara guda, bazara da damina da hunturu, su kuma horar da samarin da za su riƙa gyaran firiji da batir a nan gida. Hukumomin da ke son tallafa wa masunta kuwa, su fara da ƙanƙara mai tsabta da kula mai kyau, sa'an nan batir, sa'an nan firiji. Allah Ya sa a dace.